Wakilci Ba Tare da Miƙa Rawani Ba: Nazarin Kurakuran Allon Gudanarwa na MMC Yayin Ɗora wa Ma'aikatan Tallafi Kula da Asusai

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci kurakuran da allon gudanarwa na MMC ke nunawa a lokacin da mai kula da tsarin Active Directory ya wakilta wa ma'aikatan tallafi wani sashe na aikinsa, kamar sauya kalmar sirri da buɗe asusun da ya kulle. An bi diddigin kurakuran ta fuskoki uku: allon kansa, da hanyar da ke sada shi da uwar garke, da jerin izinin da ke maƙale da kowane asusu. Maƙalar ta nuna cewa saƙon hani guda ɗaya yakan lulluɓe sabubba masu yawa, kuma mafi wuyar ganewa a cikinsu suna tasowa ne daga ratar da ke tsakanin yadda mutum ke furta aiki da baki da yadda na'ura ke gutsuttsura shi. An gudanar da bayanin da Hausa, tare da ƙirƙiro wasu kalmomi, domin a ga iyakar abin da harshen zai iya ɗauka a wannan fage.

1.0 Gabatarwa

Duk cibiyar da ke da ɗaruruwan ma'aikata da kwamfutoci tana da aikin da ba ya ƙarewa: wani ya manta kalmar sirrinsa, wata ta buga tata ba daidai ba har asusunta ya kulle, an ɗauki sabon ma'aikaci, an sauya wa wani sashe. Babban mai kula da tsarin ba zai iya zama yana wannan aiki shi kaɗai ba, don haka yakan ɗora shi a kan ma'aikatan tallafi, wato waɗanda ke zaune a teburin karɓar koke. Daga nan matsala ke farawa. An ce wa ma'aikaci an ba shi izini, ya buɗe allo, ya danna, sai na'ura ta amsa masa da kalmomi uku na Ingilishi, "Access is denied", ma'ana an hana ka. Ba ta faɗi abin da ta hana ba, ba ta kuma faɗi dalili ba.

A wata cibiya da na taɓa yi wa aiki, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, maganin da aka saba yi wa wannan saƙo shi ne a jefa ma'aikacin cikin rukunin Domain Admins. Nan take kowace ƙofa ta buɗe, koke ya ƙare. Sai dai an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, domin ɗan wannan rukuni yana iya share kowane asusu, ya kuma shiga kowace kwamfutar da ke yankin. Tun a 1975 Saltzer da Schroeder suka bayyana ƙa'idar da ake bi har yau, cewa kada a ba wa mutum ko manhaja iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata. Abin da ya auku ga kamfanin Twitter a watan Yulin 2020 ya ƙara fito da nauyin ƙa'idar: masu kutse sun yaudari wasu ma'aikata ta waya, suka kai ga kayan aikin cikin gida, suka karɓe asusan fitattun mutane. A Nijeriya kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Ke nan gyaran kuskuren allo ba ƙaramin aikin fasaha ba ne kawai. Wanda bai iya gano sababin kuskure ba, ƙarshenta zai miƙa rawani ga wanda aka aika ya riƙe sanda.

2.0 Tsarin da Kalmomin da Aka Zaɓa

Kamfanin Microsoft ya fito da Active Directory tare da Windows 2000 Server. Rumbu ne na bayanai wanda ke ajiye asusan mutane da na kwamfutoci da rukunoni. Ana magana da shi ta ƙa'idar LDAP, wadda ta samo asali a Jami'ar Michigan ta Amurka a farkon shekarun 1990, ana kuma tantance masu shiga ta ƙa'idar Kerberos da aka ƙirƙira a MIT. A wannan maƙala an kira dukkan faɗin mulkin rumbun da *yanki*, an kira na'urar da ke riƙe da shi *uwar garken yanki*. Akwatunan da ake rarraba asusai a cikinsu, waɗanda Microsoft ke taƙaita sunansu da OU, an kira su *unguwanni*.

Ba a zaɓi kalmar unguwa da ka ba. Tsarin ya yi kama da na sarautar ƙasar Hausa, inda umarni ke gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kowa da iyakar ƙasarsa. Izinin da aka rubuta a kan babbar unguwa yana gangarowa zuwa ƙananan unguwanni da asusan da ke cikinsu. Wannan gangarowa ita aka kira *gado*. Kamanceceniyar tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta: mai unguwa yana da hankalin da zai cike gurbin abin da ba a faɗa masa ba, na'ura kuwa ba ta da shi. Abin da ba a rubuta mata ba, haramun ne a wurinta.

Kowane asusu yana ɗauke da *siffofi*, kamar suna, da lambar waya, da lokacin da ya kulle, kuma yana da *jerin izini* mai bayyana wanda zai iya karanta ko rubuta kowace siffa. Shi kuwa MMC, wato allon gudanarwa, fanko ne. Ba ya aikin komai sai an ɗora masa ƙananan kayan aiki, waɗanda aka kira *maƙalai* a nan. Maƙalin da ya shafe mu shi ne Active Directory Users and Computers, wanda ake buɗewa da fayil ɗin dsa.msc. A cikinsa akwai *ja-gorar wakilci*, wadda ke tambayar mai kula wa zai wakilta da kuma wane aiki, sannan ta rubuta amsar a jerin izinin unguwa.

Abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan sashe shi ne, allo taga ce kawai. Hukuncin yarda ko hani a uwar garke ake yanke shi. Saboda haka tambayar farko ga duk wani kuskure ita ce: tagar ce ta ƙi buɗewa, ko hanya ce ta toshe, ko kuwa an isa fada an koro mutum?

3.0 Idan Allon ne ya Ƙi Buɗewa

Wannan ne mafi sauƙi, kuma alamarsa a fili take: ma'aikaci bai ma kai ga ganin asusu ko ɗaya ba. Yawanci mai kula yakan tsara allo na musamman a kwamfutarsa, ya rage shi zuwa unguwa guda da maɓallai kaɗan, ya adana shi a fayil mai ƙarshen .msc, ya aika wa ma'aikacin tallafi. Shi kuma da ya buɗe sai ya ga saƙon cewa MMC ya kasa samar da maƙalin, tare da wata doguwar lamba. Dalili shi ne fayil ɗin ba ya ɗauke da maƙalin, sunansa kawai yake ɗauke da shi. Dole a girka kayan RSAT a kwamfutar ma'aikacin. Tun daga sigar Windows 10 ta Oktoban 2018, ba a sauko da RSAT daban, ana ƙara shi ne daga cikin zaɓaɓɓun abubuwan tsarin, kuma ba ya hawa sigar Home. A cibiyar da kwamfutoci ke karɓar sabuntawa daga uwar garken WSUS ta cikin gida, girkawar takan tsaya da lambar kuskure 0x800f0954, sai an ba kwamfutar damar nemo kayan daga Microsoft kai tsaye ko daga faifai.

Wani lokaci saƙon yakan ce wata doka ta hana maƙalin. A nan sai a duba dokokin Group Policy da ke hawa kan asusun ma'aikacin, domin akwai wadda ke taƙaita masu amfani ga jerin maƙalan da aka halatta a bayyane. Umarnin gpresult yana fitar da rahoton dokokin da suka hau da inda kowacce ta fito. Idan kuma allon ya saba aiki sai kwatsam ya fara rushewa, akwai yiwuwar ajiyar da MMC ke yi a babban fayil ɗin mai amfani, ƙarƙashin AppData, ta lalace. Share ta kan mayar da allon yadda aka tsara shi tun farko. Haka nan allon da aka kafa a kan wata unguwa yakan ɓata idan aka sauya wa unguwar suna ko wuri, sai an sake tsara shi.

A nan akwai wani ruɗi da ya kamata a kau da shi. Wasu masu kula suna ɗaukar cewa rage allo tsaro ne. Ɓoye maɓalli bai janye izini ba. Ma'aikacin da aka ba iko mai faɗi yana iya buɗe dsa.msc cikakke, ko ya bi ta PowerShell, ya aikata duk abin da jerin izini ya halatta masa. Amfanin rage allo shi ne sauƙaƙa aiki da rage kuskuren hannu.

4.0 Idan Hanya ce ta Toshe

Allon ya buɗe, amma ya ce ba a samu bayanan suna ba, ko ba a iya tuntuɓar yankin ba, ko uwar garke ba ta aiki. Mafi yawan lokaci uwar garken lafiyarta ƙalau. Kwamfuta tana gano uwar garken yanki ne ta hanyar tambayar DNS na cikin gida. Idan wani ya sauya adireshin DNS na kwamfutar zuwa na waje, irin 8.8.8.8 na Google, domin intanet ta yi masa sauri, ko ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, shafukan duniya za su buɗe amma yankin zai ɓace mata. Umarnin nltest /dsgetdc, haɗe da sunan yankin, yana nuna ko kwamfutar tana ganin uwar garke. Idan akwai katangar tsaro a tsakani, a tabbata ƙofofi 53 da 88 da 389 da 445 a buɗe suke.

Sai batun agogo, wanda ya fi damun mu a nan fiye da ƙasashen da aka rubuta littattafan jagora dominsu. Kerberos, a tsarinsa na asali, ba ya jure bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin agogon kwamfuta da na uwar garke. Inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa, kuma ƙaramin batirin da ke riƙe da agogon tsohuwar kwamfuta ya mutu, na'ura takan tashi da kwanan watan shekarun baya. Ma'aikaci zai yi ta rantsuwa cewa jiya komai yana aiki, kuma gaskiya ya faɗa. Kallon kusurwar allo ya isa a gane, umarnin w32tm kuma ya nuna inda kwamfutar ke karɓar lokaci.

Akwai jinkiri iri biyu da ke kama da hani alhali haƙuri kawai suke buƙata. Na farko, ana tattara rukunonin da mutum ke ciki ne a lokacin da ya shiga kwamfuta, a rubuta su cikin tikitinsa na Kerberos, wanda ke ɗaukar awa 10 kafin ya tsufa. Idan aka saka ma'aikaci a rukunin tallafi da hantsi, alhali tun safe ya shiga, tikitin da ke hannunsa bai san da sabon matsayinsa ba. Ya fita ya sake shiga. Umarnin whoami /groups zai nuna ko rukunin ya bayyana. Na biyu, cibiyar da ke da uwayen garke da yawa tana buƙatar lokaci kafin sauyi ya zagaya. A wuri guda daƙiƙa 15 ne ake jira kafin a sanar da maƙwabciya, amma tsakanin wurare biyu, kamar tsohuwar haraba da sabuwa idan an raba su a tsarin, tazarar asali minti 180 ce, kuma a jadawalin da aka saba ba ta sauka ƙasa da minti 15. Mai kula ya rubuta izini a wannan uwar garke, allon ma'aikaci yana magana da waccan. Saman allon yana nuna sunan wadda aka haɗu da ita, kuma ana iya sauya ta.

5.0 Idan an Isa Fada an Koro Mutum

5.1 Aiki ɗaya a baki, izini da yawa a na'ura

Shugaban sashe yakan ce, "A ba su damar taimaka wa waɗanda suka kasa shiga." A kunnen mutum aiki ɗaya ne. A rumbu kuwa aƙalla abubuwa huɗu ne mabambanta. Sauya kalmar sirri wani haƙƙi ne na musamman mai zaman kansa. Tilasta wa mai asusu ya zaɓi sabuwar kalma a shigarsa ta gaba yana buƙatar izinin rubuta siffar pwdLastSet. Buɗe asusun da ya kulle yana buƙatar karantawa da rubuta siffar lockoutTime. Kunna asusun da aka dakatar kuma yana buƙatar rubuta siffar userAccountControl.

Ja-gorar wakilci tana da zaɓi shiryayye na sauya kalmar sirri, wanda ya haɗa biyun farko. Bai haɗa da na uku ba. Sakamakon haka shi ne abin da ake gani kullum: ma'aikaci ya sauya wa malama kalmar sirri cikin nasara, ta koma ofis ta kasa shiga, domin asusun na nan a kulle, akwatin buɗewa kuma ya dushe a allon ma'aikacin ba ya dannuwa. Gyaran shi ne a koma ja-gorar, a zaɓi tsara aiki na musamman, a taƙaita shi ga asusan mutane, a zaɓi karantawa da rubuta lockoutTime. A tsofaffin sigogi wannan siffa ba ta ma fitowa a jerin zaɓi sai an gyara fayil ɗin dssec.dat, inda lamba 7 ke ɓoye siffa, 0 kuma ta bayyana ta.

Na huɗun yana buƙatar tunani kafin a bayar. Siffar userAccountControl lamba ce guda da ta ƙunshi alamomi da yawa: 512 asusu ne na yau da kullum, 514 wanda aka dakatar, 66048 wanda kalmar sirrinsa ba ta tsufa. Wanda aka ba izinin rubuta ta domin ya kunna asusu, an ba shi damar taɓa wasu alamomin ma. A ra'ayina, in dai ba dole ba, gara a bar wannan a hannun mai kula, domin dakatar da asusu galibi hukunci ne na hukuma, kamar na wanda aka sallama ko ake bincike a kansa, kuma bai dace roƙo a bakin tebur ya warware shi ba.

5.2 Asusun da aka yanke wa gado

Wannan ne kuskuren da ya fi cin lokaci, domin komai na nuna daidai. Ma'aikaci yana sauya kalmar sirrin kowa a unguwa, sai mutum ɗaya ko biyu da na'ura ke ƙi. Suna unguwa ɗaya da sauran, an rubuta izini a kan unguwar, to me ya bambanta su?

Active Directory yana da wasu rukunoni da yake ba kariya ta musamman, daga ciki akwai Domain Admins, da Enterprise Admins, da Schema Admins, da Administrators, da Account Operators, da Server Operators, da Backup Operators, da Print Operators. Akwai kuma wani abu a akwatin System mai suna AdminSDHolder, wanda ke riƙe da jerin izini na musamman. Duk bayan minti 60, wani aiki mai suna SDProp yana tashi a uwar garken da ke riƙe da matsayin PDC, ya bi 'yan waɗannan rukunoni, har da waɗanda suka shiga ta cikin wani rukuni, ya kwafa musu jerin izinin AdminSDHolder, ya yanke musu gado daga unguwa, ya sa wa siffarsu ta adminCount lamba 1. Hikimar abin a fili take: kada ƙaramin ma'aikaci ya sauya kalmar sirrin babban mai kula ya shiga da sunansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, fitar da mutum daga rukunin ba ya mayar masa da gado. Sakataren da aka taɓa sakawa a Print Operators shekarun baya domin ya gyara layin na'urar buga takardu, aka cire shi bayan mako guda, yana nan da yankakken gado har yau. Wanda bai san da wannan ba yakan buɗe shafin tsaro na asusun ya ƙara izini da hannu. Idan mutumin ya riga ya fita daga rukunin, gyaran zai zauna, amma an bar tabo da babu wanda zai tuna dalilinsa. Idan kuwa har yanzu yana ciki, kafin awa guda SDProp ya share gyaran, sai a fara zargin na'ura da aljanu.

Hanyar da ta dace ita ce a kunna zaɓin ganin ƙarin abubuwa a allon, a duba adminCount da matsayin gado, sannan a bi rukunonin mutumin har tushe. In ya fita daga dukkan rukunonin kariya, a goge adminCount, a mayar da gado. In kuma yana ciki bisa cancanta, to hanin daidai ne, kuma ba kuskure ba ne da za a gyara. Abin da ya kamata a yi shi ne a raba masa asusu biyu, ɗaya na aikin yau da kullum wanda teburin tallafi zai iya taɓawa, ɗaya na gudanarwa wanda ba za su iya ba. Sassauta jerin izinin AdminSDHolder domin a huta da koke daidai yake da fasa katanga saboda ƙofa ta yi nauyi.

Wannan ne ma ya sa saka ma'aikatan tallafi a Account Operators bai zama mafita ba, duk da sunan rukunin na da jan hankali. Ikonsa ya game kusan dukkan asusai da rukunonin yankin, 'ya'yansa suna iya shiga uwar garken yanki kai tsaye, kuma su kansu sai su faɗa cikin waɗanda ake yanke wa gado. Microsoft da kansa yana ba da shawarar a bar rukunin babu kowa.

5.3 Ƙaura da hanin da ba a gani

Matsar da asusu daga unguwa zuwa wata, a idon mai jan linzamin kwamfuta, motsi ɗaya ne. Rumbu yana ɗaukarsa fita da shiga: ana buƙatar izinin sharewa a unguwar da aka baro, da izinin ƙirƙira a wadda za a shiga, da izinin rubuta siffofin sunan asusun. Rashin ɗaya ya isa ya jawo hani.

Tun daga Windows Server 2008 an ƙara wani akwati na kare abu daga sharewa bisa kuskure, kuma sababbin unguwanni da shi suke zuwa a cike. Cika akwatin yana rubuta hani ga kowa da kowa a kan abin, ya kuma rubuta hanin share 'ya'ya a kan uwar unguwar da ke sama da shi. Ke nan ƙirƙirar ƙaramar unguwa a cikin babba tana iya hana ma'aikaci fitar da asusai daga babbar, idan izinin da ya dogara da shi na share 'ya'ya ne. A irin wannan hali sai a ba shi izinin sharewa a kan asusan kansu. Ƙa'idar fifiko ita ce: hanin da aka rubuta kai tsaye, sai yardar da aka rubuta kai tsaye, sai hanin gado, sai yardar gado. Shafin da ke lissafa izinin da mutum ke da shi a aikace, tare da umarnin dsacls, su ne ke fito da wannan fili.

Kada kuma a manta da abu mafi sauƙi: a duba inda asusun yake. Akwatin Users da ke zuwa da tsarin ba unguwa ba ne, kuma nan asusai ke faɗawa idan manhajar da ta ƙirƙira su ba ta ambaci wuri ba. Izinin da aka rubuta a unguwar ma'aikata bai isa can ba. Umarnin redirusr yana karkatar da sababbin asusai zuwa unguwar da aka zaɓa.

6.0 Kurakuran da Sunayenmu ke Haifarwa

Akwai saƙonnin da ma'aikaci ke kawowa a matsayin matsalar izini alhali ba ita ba ce, kuma wasunsu sun shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Cikakken sunan asusu ba ya maimaituwa a unguwa guda, sunan shiga kuma ba ya maimaituwa a yanki baki ɗaya, tsohon nau'insa ma ba ya wuce haruffa 20. A al'ummar da sunayen yanka kaɗan ke zagayawa tsakanin dubban mutane, Muhammadu da Abubakar da A'ishatu da Fatima, karo ba makawa ne. Cibiyar da ba ta tsai da ƙa'idar sunan shiga ba, kamar haɗa shi da lambar ma'aikaci, za ta cika da sunaye masu ƙarewa da 1 da 2 da 3. Haɗarin ya wuce na ƙirƙira: ma'aikaci yana iya sauya kalmar sirrin wanda ba shi ya zo ba, ya miƙa asusun wani ga mai sunansa.

Alamar hamza a sunaye irin Sa'idu da Mu'azu da Asma'u ba ta damun allon, amma takan karya ƙananan rubutattun umarni na PowerShell waɗanda ke amfani da wannan alama wajen buɗe zance da rufe shi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, rumbu yana karɓarsu, kuma ya dace a rubuta su a sunan da ake nunawa domin mutunta mai suna. A sunan shiga kuwa wahala za su zame wa wanda madanninsa ba shi da su. Dokar ƙarfin kalmar sirri ita ma tana da nata: bayan mafi ƙarancin tsawo, wanda a tsarin asali haruffa 7 ne, tana ƙin kalmar da ta ƙunshi wani yanki na sunan mai asusu. Kalmar da ta fara da Musa ba za ta karɓu ga mai suna Musa ba, kome yawan lambobin da aka jera a bayanta.

7.0 Janye Wakilci

Ja-gorar wakilci tana bayarwa ne kawai. Ba ta da maɓallin janyewa, ba ta kuma nuna abin da aka bayar a baya. Mai kula da ke gyara kuskure ta hanyar sake bin ja-gorar sau uku ko huɗu, yana ƙara zaɓi kowane karo har hani ya gushe, ya bar tarin izini a unguwar da shi kansa ba zai iya lissafawa ba. Idan kuma da sunan mutum ya rubuta su, ranar da mutumin ya koma wani sashe izinin na biye da shi. Shi ya sa ake wakilta wa rukuni, a sa wa rukunin suna mai faɗin aikinsa da unguwarsa, ta yadda janyewa za ta zama cire suna daga jeri. Rukunin kansa a ajiye shi a unguwar da 'ya'yansa ba su da iko a kanta, in ba haka ba za su iya shigar da wanda suka so.

Kafin a miƙa allo, mai kula ya gwada shi da asusun gwaji wanda ba shi da komai sai zama ɗan wannan rukuni, domin gwaji da asusunsa na babba ba ya nuna komai. Ya gwada abin da ya kamata ya yiwu, ya kuma gwada abin da ya kamata ya gagara, kamar sauya kalmar sirrin wani a unguwar da ba a ba su ba. Bayan miƙawa, kundin tsaro na uwar garke shi ne shaida, muddin an kunna sa ido: lamba 4724 tana nuna yunƙurin sauya wa wani kalmar sirri, 4740 kullewar asusu, 4767 buɗe shi, 4738 kuma sauya siffofinsa. Na yunƙurin sauya kalma da na buɗewa suna ɗauke da sunan wanda ya aikata, wanda ke nufin ma'aikatan da ke raba asusu guda a teburin tallafi sun mayar da kundin marar amfani tun kafin a buɗe shi.